Zaren Tela a Cikin Magen Mama Keturah

Akwai ku a garin nan, kuma kun san kanku. Ku da kuka yi wa mutum alheri sau ɗaya, sannan kuka mai da alherin takunkumi kuka ɗaure masa baki. Yana ganin abin da zai cuce shi, ba ya iya cewa uffan, don yana kwana ƙarƙashin rufinku. Ba zan kama suna ba. Labari zan bayar, wanda ya tsargu, to da shi nake.

Akwai wani tela a Jimeta, ana ce masa Bappayo. Ɗinki kam ya iya, ba mai ƙwace masa wannan. Shagonsa a zauren gidansa yake, ƙasan wurin kullum cike da ƙyalle da guntayen zare. Ciwonsa ɗaya ne, ba abin da bai sani ba a duniya. Ka ce masa haƙori na damunka, yana da magani. Ka ce janareta ya ƙi tashi, shi ne injiniya.

Shekarar da 'yan ta'adda suka shiga Michika, mutane suka yi ta kwararowa Yola da ƙafa a kumbure, Bappayo ya yi abin kirki. Ya ga wata dattijuwa zaune a bakin titi ba ta da kowa, ya kai ta gida ya ba ta ɗakin da yake ajiye tarkace. Sunanta Keturah. Ba addininsu ɗaya ba, ba yarensu ɗaya ba, bai kuma nemi ko sisi ba. Gaskiya ɗaya ce, ya yi.

Ranar gudun, mijinta Zadok ya ce mata ta yi gaba, zai kwance awaki ya biyo ta. Har yau ba a ga wanda ya gan shi ba. Ita kuwa ta suri kwandon da ta zuba garin masara da zane ta hau dutse. Sai da ta yi nisa ta ji abu na motsi a kanta. Da ta sauke, 'yar magen da Zadok ya tsinto a gona ce kwance cikin zanen. Da ita ta ƙetara duwatsu, da ita ta iso Jimeta. Ta sa mata suna Kwando.

Bappayo kuwa Aidipi yake kiran magen, wato 'yar gudun hijira, don tsokana.

"Mama, gaya wa Aidipinki ta sauka daga kan yadin mutane."

Shekaru suka tafi. Bappayo bai taɓa ce wa Keturah ta fita ba, amma bai taɓa barin ta manta ba. Duk baƙon da ya zauna a shago sai ya ji labari. "Ka ga tsohuwar can? A titi na tsinto ta." Tana ji, sai ta yi murmushi ta ci gaba da shara. Matarsa Surayya ce kawai ke jin nauyin abin. Ita Gogo take ce mata, wato gwaggo.

To, Bappayo yana da wata ɗabi'a. In ya sayo busasshen kifi daga bakin kogi, zaren ɗinkinsa mai ƙarfi yake warwarowa ya sarƙafe kifin ta baki, ya rataye a ƙusa. In kifi ya ƙare, ya jefar da zaren a ƙasa, yana ta ƙarnin kifi. Keturah ta taɓa yi masa magana, da irin Hausarta ta 'yan Jimeta da mace da namiji duk "ya" ne.

"Malam Bappa, zaren nan, Kwando yana lasa shi."

"Ta lasa mana. Ta samu na banza, kamar uwar ɗakinta."

Ya yi dariya. Ita ma ta yi, don me za ta yi in ba dariyar ba?

Bara, ana saura 'yan kwanaki Sallah, ɗinki ya yi wa Bappayo yawa. Da safe Kwando ta yi amai a tsakar gida. Ta sake yi kafin azahar. Keturah ta dama mata kunu ta ajiye, magen ta zo ta sunsuna, ta juya baya. Wannan magen da ba ta taɓa barin kwano da saura ba.

Washegari ko ruwa ta sha sai ya dawo. Tana ta kai dantse baki kamar wani abu ya maƙale mata, miyau na zuba. Ta shige ƙarƙashin gado ta dunƙule. Da Keturah ta jawo ta ta tallafi cikinta, sai ta yi wani irin kuka ta kai mata cizo. Tun daga kan dutse ba ta taɓa cizonta ba.

Keturah ta je zaure ta tsaya a bakin ƙofa, ta jira keken ɗinki ya yi shiru.

"Malam Bappa, sannu da aiki. Kwando ba shi da lafiya. An ce akwai likitan dabbobi a garin nan. Ko za ka taimaka ka kai mu da mota? Ni ban san wurin ba, ga gwiwa."

Bappayo ya ɗago kai, ya dubi abokan hirarsa da ke kan benci.

"Kun ji ko? In ɗauki mage a mota in kai ta asibiti. Mama, asibitin nan na shanu ne, na masu garke. Mutane ma suna kwance a baranda ba su samu gado ba, sai Aidipi?"

Benci ya kwashe da dariya.

"Ƙadangare ta ci," in ji shi. "Ki samo manja. Ba abin da manja ba ya saukarwa."

Ya taso da kansa, don a ga ya iya. Ya danne magen da gwiwa, ya buɗe mata baki da ƙarfi, ya ɗura mata manja da cokali. Ta shaƙe, ta yi tari, ta amayar da shi ja wur a kan siminti. Ya ce ai alamar magani ya kama ke nan.

Keturah ta san ba haka ba ne. Ta rayu da dabbar nan fiye da yadda ta rayu da wasu 'yan'uwanta. Amma yaya za ta musa wa mai gida a gaban abokansa? Ta ce, "Na gode, Malam Bappa." Ta ɗauki abinta ta koma ɗaki.

Wannan na gode ɗin ita ce ta fi ci mini rai a duk labarin.

Da gari ya sake wayewa, Kwando ta fito tana tangaɗi ta je bayan ɗaki inda take tona ƙasa. Ta tsuguna tana yunƙuri, ba abin da ya fito. Ta sake tsugunawa. Idanunta sun faɗa, fatar bayanta in ka tsinka sai ta tsaya a tsinke saboda bushewa. Surayya ce ta fara hango abin.

"Gogo, zo ki gani. Zare ne ke leƙowa ta bayanta."

Bappayo ya jiyo, ya fito da tef ɗin awo rataye a wuya.

"Ba na faɗa muku ba? Manja ya koro shi. Ku riƙe mini ita in zare."

"Abban yara, ka bari," in ji Surayya. "Ba mu san tsawonsa ba."

"Ke za ki koya mini zare? Da shi nake ciyar da ke."

Keturah ta matso. "Malam Bappa, don Allah, kada ka ja. Zai ji zafi."

Ya dube ta sama da ƙasa.

"Mama, a gidan nan na taɓa cutar ki? Da mugu ne ni, da yanzu ina kike?"

Ta sunkuya ta riƙe masa magen da hannunta.

Ya naɗe zaren a yatsa ya ja. Ya ɗan biyo, sai ya tsaya cak. Mai hankali a nan zai saki. Shi kuwa ya ƙara ƙarfi, kamar mai cire ɗinkin da ya karkace. Magen ta yi wata ƙara da ta sa awakin maƙwabta suka firgita, zaren ya tsinke a hannunsa da jini a jiki. Ya ɗaga guntun yana nuna musu.

"Ga shi nan. Saura kaɗan, zai fito da kansa."

Ya wanke hannu ya koma kan keke. Kafin la'asar Kwando ta daina kuka gaba ɗaya, cikinta ya kumbura ya yi tauri, numfashinta sama-sama.

Surayya ba ta nemi izinin kowa ba. Ta yafa mayafi, ta tare Keke Napep a bakin layi, ta kama hannun Keturah. Aka naɗe magen cikin zane.

Likitar da suka samu wata matashiya ce, Dakta Yusrah. Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma tambayi ina shanun ba. Ta shafa cikin a hankali, ta yi wa magen allurar barci, ta buɗe bakin ta ɗaga harshen. Ta ce, "Ku matso."

Ga zare nan ya naɗe gindin harshen, ya nutse cikin nama.

"Kan zaren yana ɗaure a nan," in ji ta, "sauran ya bi hanji har ƙasa. Hanji yana ta ƙoƙarin tura shi, shi kuma ya ƙi tafiya, sai hanjin ya tattare a jikinsa, kamar bakin wando in an ja mazagi. Wani ya ja wanda ya leƙo ta baya?"

Surayya ta dubi ƙasa. Keturah ta ce, "An ja."

"Mama, zaren da ya miƙe a cikin hanji wuƙa ne. Yaushe ta fara amai?"

Suka faɗa mata.

"Da ranar kuka zo, da aikin bai kai haka ba. Zan buɗe ta, amma ba zan yi muku alkawari ba."

Suka zauna a benci a waje. Keturah ba ta yi kuka ba. Tana ta murza bakin zanenta tana motsa leɓe. Da likitar ta fito, ba sai ta yi magana ba. Hanjin ya yanke wuri-wuri, ƙazanta ta riga ta cika cikin. Kwando ba ta farka ba.

Surayya ta roƙi a ba ta zaren da aka ciro. Da suka dawo gida, ta shiga zaure, benci cike da masu jiran kayan Sallah, ta ajiye ledar a kan keken ɗinkin mijinta.

"Mene ne wannan?"

"Naka ne. Kai ka san zare. Duba ka gaya wa jama'a na wane shago ne."

Baƙin zare ne mai ƙarfi, da ɗan ƙashin kan kifi maƙale a ƙulli. Bappayo ya dubi zaren, ya sunkuyar da kai kan keke. Wani a benci ya yi gyaran murya ya ce zai dawo gobe.

Kada ku ce bai ji komai ba. Ya ji. Amma irin Bappayo ba su iya "yi haƙuri" ba, sun fi gane a musanya. Bayan Sallah ya samo 'yar mage fara tas a kwali, ya kai ƙofar ɗakin Keturah. Ya tarar ta ƙulle kayanta. Wani ɗan garinsu mai suna Philemon, da ke noma a Namtari, yana tsaye zai ɗaukar mata.

"Mama, ina kuma za ki? Wa ya kore ki? Ga wata na kawo miki, ta ma fi waccan kyau. Mage ai mage ce."

Keturah ta leƙa kwalin. Ta sa yatsa ta shafa kan 'yar magen.

"Yana da kyau," ta ce. "Amma wannan bai san Zadok ba."

Ta gyara ɗaurin zanenta.

"Ka ba ni ɗaki, Allah ya saka maka, ba zan manta ba. Amma ranar nan ni na riƙe maka shi ka ja. Da hannuna. Don kada ka ce ba ni da godiya. Ba zan iya kwana a inda na yi haka ba."

Surayya ta raka ta har bakin titi tana share hawaye. Bappayo ya tsaya a tsakar gida rungume da kwali, 'yar magen na kuka a ciki. Tun daga ranar, in baƙo ya tambaye shi ina tsohuwar nan da ke shara, sai ya taka keke da ƙarfi kamar bai ji ba.

Darasi: In magenka ta yi ta amai, ta ƙi abinci, ta ɓuya, cikinta ba ya taɓuwa, tana yunƙurin kashi ba ya fita, to ka zargi ta haɗiyi zare, roba ko leda, ka kai ta wurin likitan dabbobi a ranar. Kada ka ɗura mata manja. In ka ga zare a bakinta ko a bayanta, kada ka ja, ko da wasa. Ka kuma share zarenka, ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Babban darasin kuwa na mutane ne. Wanda ka taimaka ba ka saye bakinsa ba, in ya ce maka "kada ka ja", ka saurara. Ku tura wa masu mage, ku tura wa masu gori. Wanda kuma ya ce a zuriyarsu kaf babu Bappayo ko ɗaya, ga fili nan a ƙasa, ya fito ya ƙaryata ni da sunansa na gaskiya.