Makullan Makarantar Malama Kulu

Sunan ƙaramar hukumar ya kuɓuce mini, haka ma shekarar. Tsufa ba ya neman izini. Amma ina cikin zauren taro ranar da Sakataren Ilimi, Alhaji Mati, ya tara shugabannin makarantunsa a gaban Ciyaman.

Ya ce, "Na ce kowa ya kulle azuzuwansa kafin hutu, ya kawo mini makullai yau. Wanda ya gaza, na sauke shi."

Duk aka ajiye makullai, ban da Malama Kulu, shugabar firamaren Gidan Goje. Azuzuwanta inuwar darbejiya ce, ko da yake Sakatare ya shaida wa Ciyaman an gina su.

Sakatare ya ce, "Malama, ina naki?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ai suna wurinka."

"Wurina? Yaushe kika ba ni?"

"Bara mun ji a rediyo ka buɗe sababbin azuzuwanmu. Ko ba kai ba ne?"

Ya saci kallon Ciyaman, ya ce, "Ni ne mana."

"To, wanda ya buɗe ai shi ke da makulli. Tun ranar suke a buɗe, har awaki na ɗaukar darasi. A ara mini in kulle, yallaɓai, ko mu ɗauki Ciyaman ya ga ƙofofin."

Sakatare ya yi tari, ya ce a bar Malama a kujerarta.

Daga baya na je garin da kaina. Ashe Sakatare ya aika kafinta, an kafa ƙofa a gindin kowace bishiya, da kwaɗonta. Bango ne dai babu.