Mutumin da Ya Sare Gawo da Damina

Jikokina, akwai wani mutum, tashin birni, da ya koma ƙauye ya gaji gida mai ƙaton fili. A tsakar gidan akwai itatuwa biyu, rimi da gawo. Yana so ya gina rumbu a inda suke, dole ɗaya ya tafi. Uwarsa kuwa tsohuwa ce, makauniya, ɗakinta na kwano, ba ta da wurin wuni sai gindin itace.

Damina ce a lokacin. Rimi ya yi ganye shar. Gawo yana tsaye tsirara, sai ƙaya fara fat.

Tsohuwa ta shafa jikin gawon, ta ce, “Bar mini wannan. Barci yake yi, da rani zai tashi.”

Ya ce, “Haba Inna, ke da ba ki gani? Wannan ai ya mutu.”

Ya sa gatari, ya sare shi.

Ruwa ya ɗauke, rani ya yi nisa. Rimi ya zubar da ganyensa kaf, inuwarsa ta zama kamar yatsun hannu a ƙasa. Can a gonar maƙwabci kuwa gawo ya yi kore, awaki na kwance a gindinsa. Haka Allah ya yi gawo, jikokina, sai kowa ya bushe yake yin ganye.

Wata rana mutumin ya dawo da tsakar rana. Gida tsit, ko kaza ba ta motsi. 'Ya'yan rimi sun fashe, audugarsu tana saukowa a hankali, ba iska. A gindin itacen ga uwarsa zaune, audugar ta rufe ta fari fat tun daga ka har ƙafa, kamar an naɗe ta a likkafani.

Ya ce, “Inna.” Shiru.

Ya sake kira. Shiru. Ya durƙusa, ya fara kuka.

Sai farin abin nan ya buɗe baki, murya a bushe, ya ce, “Ban tafi ba tukuna. Kai dai da ka ga abu ya yi shiru sai ka ce ya mutu. Ɗauko gatarin mana.”

Ya goya ta har gonar maƙwabci, ya roƙi aron inuwa.

Ma'anar wannan misali ita ce, damina kwanakin daɗinku ne. Rimi shi ne abokai da ƙarfin jiki da yabon mutane, suna da kyau ƙwarai, amma ranar zafi za ku ɗaga kai ku ga rassa kawai. Gawo kuwa addu'a ce da maganar Yesu. Yanzu da cikinku yake cike, kuna ganinsu kamar busasshen itace, har kuna hamma a sujada. Ina ganinku sarai. Kada ku sare su, yarana. Rani yana zuwa wa kowa, ni nawa ya riga ya zo, kuma itacen da aka sare ba ya girma a wuni ɗaya.