Damo da Tsohon Suri

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa!

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

Damo sarkin haƙuri ya shekara bakwai a tsohon surin Gara. Gara na yaɓe surin duk damina, shi kuma yana kore musu kwarkwasa.

Ran nan sarauniyar Gara ta kira shi ta ce, "Mun gina sabon suri. Daga ruwan farko mun daina yaɓen wannan, sai ka kwashe naka-ya-naka."

Ya ce, "Ranki ya daɗe, ƙwan matata ashirin na cikin bangon nan. In na ɗaga su sun lalace, in ruwa ya shiga sun ruɓe."

Ta ce, "Haba Damo, kai da aka sani da haƙuri?"

Damo ya maka wutsiya a ƙasa. "Haƙurin ne ya sa kuka sa rana ba ku tambaye ni ba! Ba inda za ni sai sun ƙyanƙyashe. Ku ƙara min yaɓen damina ɗaya, in tsare muku sabon gida. In kun ƙi, ku je ku ba kwarkwasa haƙuri."

Sarauniya ta ce, "Damina ɗaya tak."

Gara na yaɓe, Damo na haƙa ramin kansa a gindin kanya. Da kaka ta yi, ya fito da 'ya'yansa ashirin a jere daga tsohon surin.

Sarauniya ta ce, "Ga ɗaki a sabon suri."

Ya ce, "Gadi dai zan yi, na ɗau alkawari. Amma ba na sake kwana a ɗakin da wani ke sa wa ranar rushewa."

Ƙurunƙus kan kwarkwasa! Ba don Gizo ba, da kun ce na shara ƙarya.