Dalilin da ya sa tokar hayaƙi ke yin gudaji a kwaɓin siminti

Dalilin da ya sa tokar hayaƙi ke dunƙulewa a cikin kwaɓin siminti, yara, laifin mutum ɗaya ne, kuma har ya mutu bai yafe wa kansa ba.

Wannan toka daga hayaƙin masana'antar narka ƙarfe ake taro ta, ta fi kwalli laushi. A da, da an zuba ta sai ta watsu da kanta, ta toshe kowace kafa tsakanin yashi da siminti, har ruwa ya rasa wurin bi.

To, akwai wani magini, Jatau, gwani ne na gaske, sai dai Allah ya zuba masa gaggawa. Ƙauyensu ya ba shi ginin tankin ruwa, don mata sun gaji da tafiya rafi mai nisa. Da aka kawo buhun tokar, Toka ta ce, "Maigida, alfarma ɗaya muke roƙo. Mu ba mu da nauyi. Kada ka buɗe mu a fili, sai cikin rumfa."

"Na yi alkawari," in ji Jatau.

Ranar kwaɓi sai hadari ya haɗo. Tsohon leburansa Tunau ya ce, "Malam Jatau, mu shiga da buhun ciki tukuna."

"Kafin mu kai, ruwa ya sauko. Miƙo wuƙa," in ji Jatau.

Yana farka buhun, iska ta taso ta kwashe rabin tokar. Ƙwayoyin tokar da suka rage, don tsoro, suka ƙanƙame juna.

Jatau ya yi ta juyawa da shebur har kafaɗunsa suka sage, gudaji na nan. Ya durƙusa ya ba da haƙuri. Toka ta ce, "Saboda mun yarda da kai muka saki hannun juna. Ina 'yan'uwanmu?" Haka Jatau ya gina tankin da gudajin, kafofi ba su toshu ba.

Tanki kuwa ya yi ta yoyo har ya ƙafe. Mata suka koma rafi, kullum suna bi ta ƙofar gidansa da tuluna. Ba wadda ta zage shi, gaisuwa ma suke yi, kuma wannan gaisuwar ta fi komai ƙona masa rai.

Shi ya sa har yau sai magini ya murza tokar da busasshen yashi, ya sa mata maganin sassauta kwaɓi, ya juya har gumi ya jiƙa rigarsa, kafin ta yarda ta rabu. Tsakanin Jatau da rumfar nan kuwa, taku goma ne kacal.