Wushiryar Jan Kifi

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo, kunnuwanmu na jira.

Jan Kifi dai marowaci ne mai wushirya, yana zaune a saman teku inda rana da abinci suka wadata. Ran nan ya nutsa neman auren 'yar Inna Mai Fitila, tsohuwar kifanyar can ƙasa. Yana sauka ciyawa ta ƙare, ruwa ya yi sanyi, duhu ya shanye jan jikinsa.

Inna ta kawo masa ƙashi fari fat a akushi.

Ya yatsine fuska ya ce, "Inna, haka kuke tarbar baƙo?"

Ta ce, "Yi haƙuri, ɗana. Nan ba abin da ke tsirowa, abin da ya faɗo daga sama muke ci. A da da tsokarsa yake zuwa. Yanzu wani mai wushirya ke suɗe shi tas. Jikokina biyu yunwa ta kashe."

Ta haska fitilar goshinta. Ga sawun haƙoran Jan Kifi nan a jikin ƙashin.

Ta ce, "To, me ke tafe da kai?"

Jan Kifi ya rufe baki gam don kada a ga wushiryarsa. Ya juya sama sumui-sumui, ko sallama babu.

Ƙurunƙus, kan ɗan kifi!