Kwana Bakwai Ɗin Da Hulusi Ya Yanke Da Almakashi

Akwai wani mai sayar da maganin ƙwari a nan garinmu Kumluca, sunansa Hulusi. Ga tumbi, ga gashin baki, ga baƙar magana. Ko gaishe ka ya yi sai ka ji kamar ƙafa ya taka maka.

Wata shekara ya kawo sabon maganin feshi daga waje. Takardar bayanin duk da Turanci take, shi kuwa Turancinsa bai wuce nawa ba, ni da na tsaya a aji biyar. Dole ya kira Nermin, 'yar yayansa, wadda fassara ce sana'arta. Da ma ba sa jituwa.

Nermin ta mayar da takardar Turkanci tsaf. A sa safar hannu, a rufe hanci, kada a shiga rumfar ledar da ake noman tumatir a ciki sai an kwana. Can ƙasa ta rubuta da manyan haruffa: kada a tsinki tumatir sai bayan kwana bakwai da feshi.

Hulusi yana karantawa ya buga tebur.

"Kwana bakwai? Ke, duk bayan kwana biyu ake tsinka a garin nan. Uban wa zai sayi maganin? Cire min!"

"Baffa, ba ni na ƙirƙira ba. Guba ce, sai ta sauka daga jikin tumatirin."

"Karatun banza! Ubanki ya kai ki jami'a ne don ki zo ki karya min kasuwa?"

"Ya kai ni ne don kada in zama kai. Ba zan cire ba."

Ta fice. Mutumin naku ya ɗauko almakashi ya datse ƙasan takardar, ya buga kwafi ɗari biyu, ya riƙa manna wa kowace kwalba. Magani ya yi ta tafiya, shi kuma yana murza gashin baki.

Wata Lahadi maƙwabcinsu Remzi, manomin tumatir, ya gayyaci zuri'ar su Hulusi karin kumallo don murnar tsinkar fari. An jera cuku, zaitun, burodi, shayi yana tururi. A tsakiya ga ƙaton faranti na yankakken tumatir, jajir. A ƙofar gida kuma ga motarsa shaƙe da akwatuna, tana jiran kasuwa.

Remzi ya ce, "Hulusi Bey," wato Malam Hulusi a harshenmu, "maganinka ya yi! Shekaranjiya na fesa, yau da asuba na tsinka. Nermin, ke ma sannu, fassararki ko ni na gane."

Ya miƙa mata takardar. Ta duba sama, ta duba ƙasa, ta ɗago ta kalli baffanta. Sai ta ja farantin tumatirin ta dire masa a gaba.

"Kowa ya dakata. Baffa ne babba, shi zai fara."

Kun dai san mu, babba bai kai loma ba, ba mai motsa cokali. Mutum goma sha ɗaya suka zuba masa ido.

Hulusi ya kalli farantin. Ya ce, "Cikina ba daɗi yau."

Matarsa Sabahat ta ce, "Wane cikin? Kai da ka share tukunyar wake jiya?"

"Rufe min baki, mata!"

Fuskar Remzi ta sauya. "Hulusi Bey, abincin gidana ne bai kai matsayinka ba?"

Nermin ta ƙara masa yanka uku. "Ci mana, Baffa. Ga gishiri. Ko in matsa maka lemon tsami?"

Ya soki yanka ɗaya, ya ɗaga har bakin gashin baki. Ruwan tumatir yana ɗiga a rigarsa. Ya tuna hoton ƙoƙon kai da ke jikin kwalbar. Sai ya yar da cokalin.

"Kada kowa ya ci! Laifin yarinyar nan ne, bayaninta ya yi tsawo, takarda ba ta ɗauka ba."

Nermin ta buɗe wayarta ta karanta layin da ya yanke, a hankali, sau biyu.

Remzi bai zage shi ba. Ya tashi ya tayar da motarsa. Ba kasuwa ya nufa ba, ƙofar shagon Hulusi ya je ya juye tumatirin kaf. Kafin la'asar labari ya zaga gidajen shayi, duk wanda ya fesa maganin a makon ya kawo nasa ya ƙara a kai.

Rana ta daki tulin nan kwana uku. Ni da idona na ga Hulusi, mai sayar da maganin ƙwari guda, tsaye a tsallaken titi da makulli a hannu, ƙudaje sun hana shi shiga shagonsa.

Darasi: Abin da ba za ka iya kai wa bakinka ba, kada ka tura shi bakin wani. In aka rubuta maka gargaɗi a jikin magani, isar da shi yadda yake, kada ka rage ko layi ɗaya. Ku tura wa manoma da masu shago, musamman masu gashin baki.