Allon Maharazu a Fadamar Gauraka

Akwai wani mutumin Kankara, Maharazu sunansa, a shekarun nan da kuɗin man fetur suka ruɗa ƙasa, lokacin da ko masinjan ofis sai ka gan shi da rediyo rataye a kafaɗa.

Ma'aikatar gandun daji ta ɗauke shi aikin duba tsuntsayen da ke neman ƙarewa. Aikin bai taka kara ya karya ba: ka shiga daji, ka duba, ka dawo ka gaya wa na gaba da kai. Amma da aka haɗa masa da kaki da babur, shi ke nan, kai ya kumbura. In ka gaishe shi sai ya amsa ta hanci, kai ka ce shi ya haƙo man.

Aka tura shi wata fadama can cikin dajin Sabuwa, inda mota ba ta shiga da damina. Gauraka biyu ne suka rage a duk yankin, mace da namiji, sun yi sheƙa cikin ciyawar ruwa har sun ƙyanƙyashe.

Shugabansa, Malam Sanusi, ya ja masa kunne: "In 'ya'yan nan suka kai ga tashi, a tabbatar da kai a aiki. In suka salwanta, ka nemi wata sana'a."

To mutanen ƙauyen da ke bakin fadamar suna da al'adarsu. In mutum ya ga abu a daji, zuma ce ko sheƙa, ya ƙulle kan gamba a gefensa, abin ya zama nasa. Wanda ya taɓa, ɓarawo ne a idon gari har jikokinsa. Baba Almu, tsohon maharbin ƙauyen, shi ke ƙulla wa gaurakan nan ciyawa duk damina, ba don ya ci ba, don dai a ƙyale su.

Da Maharazu ya ji bayani sai ya bushe da dariya.

"Haba Baba! Ciyawa ce za ta yi gadi? Ai zamani ya wuce nan."

Baba Almu ya ce, "Ɗana, bar ta dai inda take. Ba ta tare maka komi ba."

Ku kuwa kada ku ɗauka kishin tsuntsu ne ya dame shi. Abin da ke ci masa rai shi ne kowa na cewa "gaurakan Baba Almu". Shi da kakinsa fa, sai ya zama ɗan kallo?

Ya zaro wuƙa a gaban jama'a ya datse ƙullin. Ya hau babur har Funtua, aka zana masa ƙaton farin allo da jan fenti, ya zo ya kafa a bakin ruwa daidai saitin sheƙar. Da ya tuna yawancinsu ba su yi boko ba, sai ya jira ranar kasuwa, ya taka turmi ya yi shela da bakinsa:

"Ku saurara! Daga yau tsuntsayen nan ba na kowa ba ne. Mallakar gwamnati ne!"

Baba Almu ya kaɗa kai ya ce, "To, na cire hannuna." Ya ja sandarsa ya yi gida.

Gogan naku ya ga ya gama aiki. Ya tafi Kankara ya baje a teburin mai shayi yana ba da labarin yadda ya wayar da kan ƙauyawa, har ya aika wa Malam Sanusi ya zo ya ga tsari.

Suka ratsa taɓo suka isa fadamar tare. Allo na nan tsaye, fes. Sheƙa kuwa wayam. Uwa da uba na ta kewaya sama suna kuka mai ban tausayi.

Ba a sha wuyar bincike ba, don wanda ya yi bai ɓoye ba. Gide ne, mutumin da Maharazu ke kwana a zaurensa. Ya kwashe 'ya'yan gaurakan ya sayar da su ga yaran wani ɗan kwangila mai son ado da gauraka a tsakar gidansa.

Maharazu ya cakumi wuyan rigarsa. "Gide! Kai da muke ci kwano ɗaya?"

Gide ya ɓamɓare hannunsa a hankali.

"Malam Maharazu, mi na yi? Da na Baba Almu ne, wallahi ko yunwa za ta kashe ni ba ni taɓawa. Kai da bakinka ka ce ba na kowa ba ne, na gwamnati ne. 'Yan birni kowa shina cin nashi, mu ko kwalta ba mu gani ba. Wanga ne rabona na man fetur."

Babu wanda ya ce masa ɓarawo. Wasu ma cizon yatsa suke yi don ya riga su.

A nan bakin fadamar Malam Sanusi ya sallami Maharazu, bai ko jira sun koma ofis ba. Gaurakan suka yi ta kewaye har ruwa ya janye, sannan suka tashi. Tun daga wannan damina ba a sake jin kukansu a dajin ba.

Darasi: Kada girman kai ya sa ka rushe abin da ka tarar yana aiki don kawai ba sunanka ne a kansa ba. Kuma kayan gwamnati ba marasa mai shi ba ne, namu ne duka, mai cinsu jikokinsa yake yi wa sata. Ku tura wa 'yan uwa, musamman wanda ya sami sabuwar kujera.